Ƙamshin Turare a Motar Alhaji Hamadu

Garwa, unguwar Yalwa
Laraba, 9 ga Agusta

Raudatu,

Kafin gaisuwa ki ji wannan: kada ki sa ƙafarki a motar nan da sunan tahowa Garwa sai na ce miki ki shiga. Ki koma ki sake karanta layin nan.

To, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da kike ɗauke da shi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu shanya tun Lahadi.

Ƙanwarki Laila ta nuna mini hoton da kika turo mata. Na gan ki jingine da wata mota ruwan toka, da cikin wata takwas, kina murmushi kamar an ba ki kujerar Makka. Ta ce wai maigidanki zai saya, kuma da ita zai kawo ki gida haihuwa ƙarshen watan nan. Kowa ya ce masha Allah. Ni kuwa fenti kawai na gani, kuma fenti ba ya tsayar da mota. Wannan ita ce cutar 'ya'yan yanzu, abu in yana sheƙi kun gama bincike.

Shekara goma sha tara na yi a ofishin garejin kamfanin auduga ina riƙe da karne na motoci arba'in da ɗaya, littafin da ake rubuta duk gyaran da aka yi wa mota da ranar da aka juye mata mai. Ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma daga kan teburina nakan san wadda za ta je Tubboro ta dawo da ƙafarta, da wadda za a tura a jawo.

Ga abin da nake so. Wa ke sayarwa, kuma me ya raba shi da ita? Nawa ya yanke? Wane makaniki ne ya kwanta a ƙarƙashinta ya duba? Sannan ki yi mini fotokopi na karnen, shafi bayan shafi har da bango, da na takardar mallakar motar.

Ki tuna tsakaninki da ɗakina akwai falez, doguwar gangaren dutsen nan. Babanki, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai surutu, amma daga saman gangaren nan har a sauka Wak ba ya furta kalma sai salati. Ya san dalili.

Na rubuto ban kira ba, don wayarki kullum a buɗe take kowa na ji, kuma maganar waya ba a komawa a sake karanta ta. Saleh direban azans, kamfanin motocin haya, zai kawo miki, shi za ki ba amsa. Maigidanki kuwa ba ni da bakin yi masa wannan magana. Shekara biyu da aurenku ban taɓa haɗa ido da shi ba, ba kuma a kan mota zan fara ba. Ke za ki san yadda za ki bi da shi cikin ladabi.

Ga busasshen kifin Lagdo da daddawa. Ki rage gishiri, na ga ƙafafunki a hoton. Allah ya raba lafiya.

Mahaifiyarki,
Ummuhani


Ngawundere, unguwar Tongo
Asabar, 12 ga Agusta

Zuwa ga Innata,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Ya Laila sarkin kai rahoto? Saƙo ya iso, kuma in faɗi gaskiya kifin ya fi wasiƙar daɗi.

Inna, ki kwantar da hankalinki. Motar nan ba daga hannun dillalin tasha ta fito ba. Ta Alhaji Hamadu ce, aminin mahaifin Mas'udu, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar babansa, ya kuma zama waliyyinsa ranar ɗaurin aurenmu. Kin tuna shi, dogon nan mai farin rawani. Wata huɗu ke nan da ya saye ta, ya ce ta yi masa ƙanƙanta, gwiwoyinsa na taɓa sitiyari. Miliyan biyu da rabi ya yanke, alhali irinta a kasuwa ta kai huɗu. Ya ce, "Ɗana ne, ba ciniki nake yi ba." Har makulli ya miƙa masa, ya ce ya kai ni gida da ita, in ya dawo a yi sauran magana.

Da za ki shiga ciki da kin saki fuska. Kana buɗe ƙofa ƙamshin turaren wuta zai tare ka kamar ɗakin amarya. Har mayafina ya kama. Kujeru sababbin riguna, injin ko tari ba ya yi. Aibinta ɗaya, tana da aljani mai son labarai. Jiya muna tsaye a bakin kasuwa rediyo ya kunna kansa, ba wanda ya taɓa shi. Gilashin baya na hagu ma yakan sauka da kansa in an bi rami, kuma akwai wata 'yar fitila a gaban direba da ke ƙiftawa ta mutu. Mas'udu ya ce waya ce ta saki, aikin minti biyar.

Maganar makaniki na gwada, wallahi na gwada. Na bari sai da ya ci ya ƙoshi. Ya ajiye cokali ya ce, "Garejin Didier yana kallon shagon Alhaji. In na kai ta wani garejin ma, kafin a kwance taya ɗaya labari ya isa. Mutumin da ya ciyar da ni shekara goma, ya ba ni abu rabin kyauta, sai in je in leƙa ƙarƙashinsa? Me na ce masa ke nan?" Na ce Inna ce ta tambaya. Ya ce a gaishe ki da kyau.

Ga fotokopin da kika nema. Za ki ji daɗin karnen nan, ke mai son tsafta. Fes yake, ko ɗigon mai babu, rubutun kamar na malamin makaranta. Shekara biyar ba a tsallake juyen mai ko ɗaya ba.

Mun sa ranar Asabar 26 ga wata. Ki sa Laila ta share mini ɗakin da ke kallon bishiyar mangwaro, ba na son na kusa da murhu. Na rage gishirin, kaɗan.

Ki huta lafiya, Inna.

'Yarki,
Raudatu


Garwa
Laraba, 16 ga Agusta

Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ɗakinki an share. Ki daina kiran sunan mijinki gatsal a takarda, ba haka na rene ki ba.

Turaren da kike yabo shi ya hana ni cin abinci. Ni mace ce. Na san turaren da ake yi wa ɗaki don maigida, na san wanda ake yi don katifa ta jiƙe an rasa rana. Ba a turara mota har mayafi ya kama sai akwai warin da ake dannewa.

Na zauna da karnen tun bayan azahar har la'asar, da tabarau. Karnen gaskiya ƙazami ne, Raudatu. Makaniki da hannun mai yake kama shi. Yau wannan ya rubuta da baƙin bik, bayan wata huɗu wani ya rubuta da shuɗi, wani ya yi kuskure ya soke, wani ya manta kwanan wata. Wannan kuwa hannu ɗaya ne, bik ɗaya, daga shafin farko har na ƙarshe, kuma hatimin duk gefe ɗaya ya karkata. Wanda ya cika shi zama ɗaya ya yi, shekara biyar a yini guda. Har ya rubuta an juye mai ranar 20 ga Mayu. Wane gareji ne ke buɗe ranar bikin ƙasa, kowa na filin fareti?

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Hatimin na garejin François ne da ke Rumde Ajiya, nan Garwa. A bangon karnen an kankare tsohuwar lamba, amma ana ganin NO, lambar jiharmu. Yanzu AD, lambar jiharku, ke jikinta. Motar Garwa ce. Garwa ba ta rasa masu sayen mota ba. In aka ɗauki mota aka hau da ita falez aka sake mata lamba kafin a sayar, to a nan akwai waɗanda suka san fuskarta.

Ban ce Alhaji Hamadu maƙaryaci ne ba. Ban san shi da haka ba. Amma girman mutum ba ya shiga cikin birki.

François mun yi aiki tare a kamfani. Ya tafi Figil, sai Litinin zai dawo, kuma da ƙafata zan je. Kafin nan ga aikinki. Ran Juma'a in maigidanki ya tafi masallaci ya bar makulli, ki buɗe motar. Ki ja sentir na kujerar baya, igiyar da ake ɗaure jiki, ki ja ta har ƙarshe, har ta ƙi fitowa, ki duba launinta. Ki buɗe kofur, wajen kaya na baya, ki ɗaga shimfiɗar, ki sa hannu ƙarƙashin tayar ajiya. Kada ki ɗaga tayar, hannu kawai. Ki ɗaga robar da ke bakin ƙofa ki ga wane fenti ke ƙasa. Ki cusa yatsu a tsagar kujerar baya. Masu wanke mota don sayarwa inda ido ke kaiwa suke wankewa.

Rediyon da ke kunna kansa ba abin dariya ba ne. Ki daina shiga motar ko zuwa awo ne, ki hau tasi.

Allah ya tsare. Ki gaishe da maigidan.

Mahaifiyarki,
Ummuhani


Ngawundere
Lahadi, 20 ga Agusta

Inna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi kafin Saleh ya tashi.

Na yi abin da kika ce. Sentir ɗin baƙi ne har kamu uku, daga nan sai ya koma ruwan ƙasa, da busasshen taɓo, yana warin rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Ƙarƙashin tayar ajiya yashi ne mai laushi, irin na bakin kogi, na cika tafin hannuna. A ƙarƙashin robar ƙofa fentin fari ne.

A tsagar kujerar baya, wajen hagu, yatsana ya kamo zare. Na jawo. Jigida ce ta ƙaramar yarinya, ja da fari, ko wuyan hannuna ba za ta zagaye sau biyu ba. Taɓo ya bushe a tsakanin duwatsun. Inna, a wajen nan nake zama, don gaba yana sa ni jiri.

Da maigida ya dawo daga masallaci na zuba masa yashin a faranti na ajiye jigidar a kai. Ya duba. Sai ya ce kowace mota a ƙasar nan ta taɓa ratsa mayo, wato rafi, da damina, kuma yara suna yar da abubuwa. Na ce to a kai wa Didier. Ya ce, "Kin bincike motar Alhaji a bayan idona kamar kayan sata. In matarsa ta ji, da wane ido zan shiga gidan?" Na ce da idon da zai kalle ki in wani abu ya same ni. Ya ce, "Inna ina girmama ta, amma ba ta taɓa tuƙi ba. Ni na tuƙa motar nan sati biyu, birkinta kamar na sabuwa." Tun daga nan ba mu yi wata magana ba sai ta abinci.

Jiya Alhaji ya zo da kansa ya dafa motar ya yi addu'a, ya ba ni turmin atamfa na goyo. Ya ce, "'Yata, ki sauka lafiya." Na durƙusa na yi godiya. Bakina ya cika da tambaya, ban iya fitar da ko ɗaya ba. To ni da na ga yashin ma ke nan.

Ranar Asabar tana nan yadda take. Ba zan iya ce masa ba zan shiga ba, Inna, sai dai in fito da akwatina a gaban maƙwabta. Ki faɗa mini yadda zan yi. Ga jigidar a cikin ambulan, ba na son kwana da ita a ɗaki.

Ki sa mu a addu'a.

Raudatu


Garwa
Talata, 22 ga Agusta

Zuwa ga Mas'udu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, da aiki, da mutanen gida.

Ka ga sunanka da rubutun hannuna. Ban taɓa furta shi ba tun ranar da aka kawo goron tambaya, kuma na so in mutu ban furta ba. Ka auna da kanka abin da ya sa na ajiye kunyar da ke tsakaninmu.

Jiya na je garejin François da fotokopin takardun motar. Yana ganina ya ce, "Madam Karne, yau wa ya yi laifi?" Na miƙa masa. Ya duba lambar shasi, ya shiga ofis ya ɗauko nasa littafin, ya gwada. Dariyar ta ɗauke. Ya sa aka kawo mini kujera.

Ga abin da ya faɗa. Bara, cikin Satumba, wani malamin makaranta ya taso daga Rey Buba da matarsa da 'yarsu mai shekara uku a farar mota. A wani mashigi, inda ruwan mayo ke bi ta kan siminti, ruwa ya ɗauke su. Shi ya fita. Matar da yarinyar suna kujerar baya, ba su fita ba. Kwana biyu motar ta yi a ƙarƙashin ruwa kafin ya janye. François ne ya je da babbar mota ya jawo ta. Wata uku ta yi a bayan garejinsa, mai ita ya ce ba ya son ya ƙara ganinta. Wani dillali ya saya da sunan zai yanka ta ya sayar da kayan. Karnen da ke hannunka ya ce François ya juye mata mai ranar 14 ga Oktoba. Ya ce, "A ranar tana kan duwatsu ba taya, kwaɗi na kuka a cikinta." Hatimin ma ba nasa ba ne, nasa yana da tsaga a gefe. Irin wannan a bakin kasuwa ake sassaƙawa.

Ka ce birkinta kamar na sabuwa. Na faɗa masa. Ya ce haka ne, a cikin gari. Ruwa in ya shiga man birki yana nan kwance, bututun kuma suna tsatsa daga ciki inda ba a gani. Daga Tongo zuwa kasuwa ba abin da zai nuna. Sai a doguwar gangara, in ka yi ta takawa man ya yi zafi, ruwan ya tafasa. A nan za ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Na tambaye shi wace gangara. Ya ce, "Madam, kin san wadda nake nufi."

Na san abin da ke ɗaure ka. Riƙon maraya ba ƙaramin abu ba ne, kuma yaron da ya manta shi ba zan ba shi 'yata ba. Amma godiya da ranka ake yin ta, ba da ran matarka da na ɗan da bai ga duniya ba. Su ba su ci abincin Alhaji ba.

Ga hanya, ba sai ka kunyata kowa ba. Ka ɗora mini. Ka ce wa Alhaji surukarka tsohuwa ce mai taurin kai, ta rantse 'yarta ba za ta sauka falez ba sai a motar azans, kuma ta ce sai Didier ya kwanta ƙarƙashin motar kafin a biya. Ka ce na fara ruɗewa in ka so. A zage ni a Ngawundere shekara goma, ban damu ba. In kana da ƙarfin hali kuma, ka ce masa, "Baba, an ce motar nan ta kwana a mayo," ka dubi fuskarsa.

Na kama wa Raudatu kujera a motar Saleh ta safiyar Asabar. Motar Alhaji kuwa kada ta bar cikin gari, da kowa a ciki.

Allah ya yi maka albarka, ya nuna maka gaskiya.

Surukarka,
Ummuhani


Ngawundere
Juma'a, 25 ga Agusta

Zuwa ga Inna, Allah ya ƙara girma,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Laila da dukan mutanen gida.

Takardarku ta same ni, na karanta a tsaye. Na ji nauyin abin da na sa kuka yi, ina neman gafara. Maganar da na faɗa a kan tuƙi ma ku yafe mini.

Raudatu za ta hau motar Saleh gobe kamar yadda kuka ce. Na faɗa wa Alhaji, na kuma ɗora muku kamar yadda kuka ba ni izini. Ya yi dariya ya ce surukai sai haƙuri. Maganar Didier da ta mayo na je da su a bakina har sau biyu. Yana ta tambayata ko kuɗin asibiti ya ishe ni. Ban iya ba, Inna.

Amma na sami mafita. Tunda François ne ya san motar, kuma Garwa idon Alhaji ba ya kaiwa, zan kawo masa ita da kaina ya duba. In ya tabbatar, sai in bar ta can in ce injin ne ya buga a hanya. Ba wanda aka ƙaryata, ba wanda ya ji kunya. Ni kaɗai zan taho, bayan motar Saleh da kamar awa ɗaya. Zan sauka falez a hankali, na saba da hanyar. Na ɗora gadon jariri da akwatunan Raudatu a kujerar baya don kada a biya kuɗin kaya.

Raudatu ba ta sani ba, ta ɗauka sai Lahadi zan biyo a motar haya. Na roƙi Saleh kada ya ba ku wannan sai kun karɓe ta a azans. Kafin ku gama karantawa in sha Allah ina Ngong, ko ma na shigo gari.

Ku huta lafiya. Allah ya ƙara nisan kwana.

Ɗanku,
Mas'udu


Garwa
Talata, 5 ga Satumba

Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ya jiki? An ce an ɗaure cinyar, haƙarƙarin kuma sai a hankali. Allah ya sa kaffara ne.

Raudatu ta sauka ran Alhamis, mace, lafiya lau su biyun. Jibi suna. Kawunka zai tsaya a madadinka.

A tsakar azans na karanta takardarka, Raudatu na gefena tana shan ruwa. Ni da ba na kira, sau tara na kira wayarka. A na goma wani direban babbar mota ya ɗauka. An ce da birkin ya tafi a falez ka karkata wajen dutse ka bar wajen rami. Wannan kaɗai ka yi daidai a ranar. Saleh ya tsaya ya duba motar da zai koma. Bayanta na hagu ya shige ciki. Gadon jaririn ba a sami katako biyu a haɗe ba. Ka san wa ke zama a wajen.

Alhaji Hamadu ya zo Garwa da kansa ran Lahadi, ya zauna a zaurena yana share hawaye da bakin rawani. Daga hannun ƙanin matarsa ya sayi motar. Ya ce kwana biyu da saye ya ji warin, shi ya sa aka yi ta turara ta, kuma zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da ita ba, shi ya sa ya sake ta da araha. Bai tambayi ƙanin matar ba, don kada ya zama ya ƙaryata shi. Na sa aka ba shi ruwa. Ban zarge shi ba, don ni ma kwana goma sha uku na ɓata ina zagayawa ta bayan 'yata kafin in rubuta sunanka.

Jigidar na ba François ya mayar wa malamin makarantar.

In an sallame ka ka taho a motar Saleh, ɗakin baƙi na jiranka. Laila na gaishe ka. Allah ya ba ka lafiya.

Ga dokar da na kafa, na faɗa wa Raudatu da Laila, kuma ta hau kanka tunda 'yarka jinina ce. Daga yau, a gidan nan ba a sayen abin hawa daga hannun wanda ake jin nauyin yi wa tambaya. Duk motar da za ta ɗauki wani nawa, makaniki zai kwanta a ƙarƙashinta a gaban mai ita, ni kuma in karanta karnenta. Wanda bakinsa ba zai iya neman wannan ba, ya je azans ya yanki tikiti.

Surukarka,
Ummuhani